Honarabul a Gidan Suruki

A takardun hukumar Katar, Ghali ne kafil ɗin Hajiya Adijatu, wato shi ya ɗauki nauyin zamanta, kuma da sa hannunsa take kwana take tashi a Doha. A cikin gida kuwa ko ruwa ba ya iya sha a gabanta. Surukarsa ce, uwar matarsa Mufeeda. Shi mutumin Gusau ne, kuma a gidan da ya tashi ba a haɗa ido da suruka, ba a cin abinci a gabanta, ba a tsawaita zance da ita. Kullum da safe zai durƙusa daga bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa, ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Kafin ta gama amsawa ya kai mota. Injiniya ne mai kula da injinan sanyaya gini a wani kamfani, yana juya ma'aikata da Turanci da guntun Larabci, amma a gaban tsohuwar nan bakinsa mutuwa yake yi.

Ita abin dariya yake ba ta. 'Yar Zango ce, unguwar masu jin Hausa a ƙasar Gana, kuma a wajensu ana kunyar suruki, amma ba har a rasa numfashi ba. Ban da haka, mace ce da ta saba a dube ta a faɗa mata magana, mai daɗi da marar daɗi. Da koyarwa ta fara a makarantar firamare, aka zaɓe ta wakiliyar unguwa, daga nan aka naɗa ta magajiyar garinsu, wani gari mai babbar tasha a kan hanyar arewa. Shekara takwas ta yi a kujerar, ana ce mata Honarabul. Ta gina magudanan ruwa, ta sa motar shara ta riƙa shiga Zango, ta tashi kasuwar bakin titi ta mayar da ita cikin fili, har da rumfar ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda har yau ba ta gaishe ta. Amma abin da aka fi tuna ta da shi zaman Juma'a ne. Da an sauko daga masallaci sai ta sa a fitar mata da kujera gindin mangwaron da ke gaban ofis, duk mai kuka ya zo ya bi layi, babu sakatare, babu ɗan sanda.

Da jam'iyyarsu ta faɗi zaɓe, samarin sabuwar gwamnati suka zo suka karɓi makullin mota tun kafin takardar saukarta ta iso. Ta tari tasi ta koma gida. Waɗanda a da suke cika mata ƙofa sai suka gano ashe hanyar gidanta da nisa.

Wankan jego ya kawo ta Doha, lokacin da Mufeeda ta haifi ɗansu na fari. Aka yi suna, aka gama wanka, Mufeeda ta koma aikinta na jinya a asibiti, aka ce Hajiya ta zauna ta duba jariri. Ta zauna ɗin. Gidan yana cikin wani rukunin gidaje na kamfani a unguwar Garrafa, katanga ta kewaye shi, ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya, maƙwabta daga ƙasa goma da babu mai sallama da wani. Yaro in ya yi barci sai ta zauna gaban talabijin ta rage sauti, tana kallon bakin mutane yana motsi. Abinci ta ɗan taɓa ta ture. Zannuwanta suka fara yi mata yawa. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba, kuma da gaskiyarsa, don abin da yake cin ta ba ya fita a gwajin jini.

Wata Juma'a Mufeeda ta ja ta kasuwar Asian Town sayen garin rogo da busasshen kifi. A cikin kanti wani mutum da kayan leburanci ya tsaya yana kallon ta, can ya ajiye kwandonsa ya durƙusa a tsakiyar hanya ya ce, "Honarabul, ke ce?" Ɗan garinsu ne. Ta tambaye shi sunan ubansa, ta gaya masa sunan kakansa, ta ce ya zo gida ya ci abinci. Ya zo a Juma'ar da ta biyo, da abokinsa. Abokin yana da 'yar matsala da wanda suke ɗaki ɗaya, kan wa zai kwana a gadon ƙasa. Hajiya ta ce a zo mata da ɗayan.

Shi ke nan, hali zanen dutse. Kafin a ankara, falon Ghali ya zama gindin mangwaro. 'Yan Zango suka fara, sai 'yan Najeriya masu gadi da direbobi suka biyo, don labari a sansanin ma'aikata ba ya kwana. Ba ta da ofis, ba ta da hatimi, ba ta da ko ɗan aike, amma tana da waya da kunne, kuma ta san wa ya haifi wa. Wanda matarsa ta yi yaji a gida, ta kira uwar matar su yi ta ta ƙare. Wanda kafil ya matsa wa, ta gaya masa ofishin da zai je da abin da zai faɗa, da abin da zai haɗiye. Wanda ba shi da gaskiya ta gaya masa a gaban mutane, ya tafi yana gunaguni, ya dawo mako mai zuwa. Kowa ya gama bayani, tambayarta ɗaya ce: "To, me kake so a yi?" Ta ce rabin masu kuka ba su taɓa tambayar kansu wannan ba. Ta koma cin abinci har da ƙari, muryarta ta dawo, har Mufeeda ta fara shan faɗa kan yadda take goya yaro.

Takalma ne suka tona asiri. Bahaushe ba ya shiga gaban babba da takalmi, ko da a fadar wa yake, don haka kowa ya zo sai ya tuɓe a bakin ƙofar waje. Silifa, kambas, manyan takalman aiki masu ƙarfe a baki, suka taru tun daga matakala har wajen ajiye motar maƙwabci. Rukunin gidajen kuwa na masu iyali ne, dokarsa ba ta yarda da taron gwauraye ba. Maƙwabcin bai taɓa ganin mutanen sosai ba, don shiru suke shiga shiru suke fita, amma ya iya ƙirga takalma.

Ghali ya sayi kanta ya ajiye daga ciki, ya roƙe su su riƙa shigowa da takalmansu. Suka ce to, suka ci gaba da tuɓewa a waje, don ƙafa ba ta jin roƙo. Wata Juma'a ya fito da kansa, injiniya guda, yana tsintar silifan leburori yana zubawa a but ɗin motarsa. Da aka tashi sai ga maza goma sha wani abu a tsaye ƙafa ba takalmi a kan kwalta mai zafi, suna tone but, kowa yana neman wari. Ranar ce maƙwabcin ya ɗauki hoto.

Jami'in gidaje na kamfani ya kira Ghali, ya yi masa magana cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya ce wannan ƙara ta biyu ce. In aka kawo ta uku, gida zai koma hannun kamfani, khalas, magana ta ƙare. Ghali ya san sauran zancen da ba a faɗa ba: a kamfanin nan, wanda aka karɓe wa gida ba ya daɗewa ba a karɓe masa kujera ba, kuma in kujerar ta tafi, zaman su huɗu a ƙasar ya tafi.

Maganar ba ta fi jimla ɗaya ba, amma ba ta faɗuwa daga bakin suruki. Ya fara da matarsa.

"Ki gaya wa Hajiya ta dakatar da zaman nan."

Mufeeda tana ninke kayan yaro, ba ta ɗago ba. "Ni na ga Mma tana narkewa a gaban talabijin ɗin can. Ban da bakin da zan mayar da ita. Kai ne mai gida, ka gaya mata."

"Kin san ba zan iya ba."

"To ni ma ka san ba zan iya ba."

Sai ya je wajen Haladu, mai gadin ƙofar rukunin, mutumin Azare, wanda shi ma aikinsa yake kan siraɗi don shi yake buɗe wa baƙin. Haladu ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya gyara hula ya shiga. Ya daɗe. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce wallahi Oga matar nan uwa ce, ta shirya shi da yayansa da suka yi shekara ba sa magana. Saƙon kuwa bai samu inda zai saka shi ba.

Daga nan Ghali ya nemo Malam Abdul-Jalil, dattijon 'yan Zango, tsohon direba da ya fi kowa daɗewa a Doha, wanda ake cewa ba ya tsoron faɗa wa kowa gaskiya. Malam ya shafa gemu ya ce a bar masa. Ya zo, aka zuba masa shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin nan na Gana, suka taɓo tsofaffin gida, wa ya mutu wa ya rage. Tun daga ranar shi yake buɗe zaman da addu'a, an ma ware masa kujera. Ghali ya aika mutum biyu ya ƙara wa kansa takalmi ƙafa huɗu.

Ya kwana biyu yana juya abin, ya ga ƙofa ɗaya ce ta rage, wadda kowa yake bi. Suruki ba ya yi wa suruka magana, amma mai ƙara yana yi wa Honarabul. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci, ya tuɓe takalmansa a waje tare da na mutane, ya shiga falonsa da sallama, ya zauna a ƙasa a ƙarshen layi.

Aka fara motsi ana cewa mai gida ya wuce gaba. Hajiya ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kowa ya zauna inda yake. Layi layi ne." Ya zauna yana sauraron rigimar tukunyar girki da ta wani da aka canza wa wajen aiki, gumi yana bin bayansa duk da sanyin da shi da kansa ya daidaita wa gidan. A gabansa akwai wani siririn mutum da bai taɓa gani ba, hannuwansa duk kanta, ya ce sunansa Sayibu, a wata gona yake aiki a Umm Salal, yau ne zuwansa na farko. Da layi ya zo kan Sayibu, su biyu suka rage, sai ya juyo ya ce a hankali, "Mai gida, wuce. Nawa ba na sauri ba ne."

Ghali ya matsa gaba, idonsa a kan kafet.

"Yoo," in ji Hajiya. "Wa kake ƙara?"

"Hajiya, ba ƙara ba ce."

"Nan ba a zuwa gaisuwa. Wa kake ƙara?"

Ya faɗi maganar maƙwabci, da hoto, da jami'in gidaje, da abin da zai biyo baya. Maganar ta fito duka, don abin da ya daɗe a ciki in ya samu ƙofa ba ya jiran izini. Mufeeda ta fito ta tsaya a bakin kicin da yaro a kafaɗa.

"An gargaɗe ka sau nawa?"

"Biyu."

"Ka aiko mini Haladu, ka aiko mini Malam, babu wanda ya ce mini kanzil." Malam Abdul-Jalil ya samu abin dubawa a carbinsa. "Kai kuma kullum kana durƙusa mini da safe da wannan a cikinka. Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya, Hajiya."

"Kunyar da za ta kwashe wa jikana rufin ɗaki, ban san amfaninta ba kuraa, ko kaɗan." Ta gyara zama. "To, me kake so a yi?"

Ya so ta fahimta ba sai ya furta ba. Ya yi shiru, ita ma ta yi shiru, kuma ta fi shi iya shiru, sana'arta ce. A ƙarshe ya ce, "A daina zaman."

Ba ta ɓata rai ba. Da ta ɓata ma da ya fi masa sauƙi. Ta dubi mutanen ta ce, "Kun ji. Mai ƙara yana da gaskiya. Gidan mutum ba ofis ba ne, ni na mayar da shi ofis ban tambayi mai shi ba. Laifin nawa ne, ba na takalmanku ba. Daga yau babu zama."

Malam ya yi gyaran murya ya ce ai ana iya neman wani wuri, ko lambun shaƙatawa, ko ɗakin wani.

"Malam, duk inda na zauna a ƙasar nan, da sunan yaron nan nake zaune. In an zo tambaya ƙofarsa za a buga. A bar shi haka. Shafa mana fatiha."

Aka shafa. Ghali ya ɗauka za ta ƙarasa layin tukuna, tun da mutum ɗaya ya rage. Sai ya ga ta cire tabarau ta saka a gidansa, ta dafa hannun kujera ta miƙe. Sayibu ya ɗan yunƙura. Ta dube shi da tausayi ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, an tashi. In na saurare ka, na karya abin da na yanke tun bakina bai bushe ba." Ta wuce ɗakinta, ta tura ƙofa a hankali. Mufeeda ta bi ta da kallo, sannan ta koma kicin ba ta dubi mijinta ba.

Gaskiya Ghali ya ji sanyi a ransa, kamar an sauke masa buhu daga ka, kuma ya ji kunyar jin sanyin. Mutane suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi masa sallama da ladabi, har da masu ba shi haƙuri, abin da ya fi damun sa. Duk kudu suka nufa wajen tashar bas. Sayibu kaɗai ne mai zuwa arewa, ya tsaya a bakin titi yana duba hanya. Ghali ya fito da mota ya ce ya shigo ya kai shi.

Suka bar Garrafa, gidaje suka fara ja baya, katangun gonaki da kan dabino suka fara bayyana. Rana ta yi sanyi. Sayibu ya zauna a tsuke, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, kamar mai tsoron ɓata kujera. Ghali ya ga ya kamata ya biya wani abu, sai ya ce, "Malam Sayibu, matsalar taka, in ta kafil ce ko ta takarda, gaya mini. Na san mutane."

"A'a, mai gida. Ba na takarda ba ne."

"To mene ne?"

Da Hausarsa ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Matana ne ya rasu ran Talata, a gida. Wajen haihuwa. An binne shi ban gani ba." Ya share hanci da bayan hannu. "A gona ni kaɗai ne mai jin Hausa. Na gaya ma mudir, shugaban gona, ya ce Allah kareem, ya ba ni hutun yini. Ba wani abu nake so a yi mini ba. Na ce bari in je inda babba yake zaune, in faɗa, mutane su yi mini gaisuwa yadda ake yi."

Ghali ya rage gudu har motar baya ta yi masa hon. Ya ce, "Mu koma. Wallahi Hajiya ba ta sani ba."

"Mutane sun watse, mai gida. Kuma Honarabul ya riga ya yanke. Kar a wahalshe shi."

Ghali ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kashe mota. Bai san sunan matar ba, sai da ya tambaya, aka ce Fausatu. Ya juya ya fuskanci mutumin sosai, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Fausatu, ya sa ta huta, ya ba ka dangana." Sayibu yana amsawa da amin, amin, kansa a ƙasa. Suka ɗaga hannu su biyu, manyan motoci suna wucewa suna girgiza su, Ghali ya karanta abin da ya sauwaƙa, ya ja addu'ar iya yadda zai iya don ta yi kama da ta mutane da yawa.

Sayibu ya shafa, ya ce ya gode ƙwarai. Sannan ya nuna masa wata kwana a gaba, ya ce nan za su shiga, amma ya bi a hankali, hanyar ba kwalta.